Starlet: Sunan Ya Dawo, Direbobin Kabi Na Jiran Motar

Da hantsi, idan mutum ya tsaya a bakin tashar mota ta Argungu, har yau yakan yi kiciɓis da ita. 'Yar ƙaramar mota ce, rana ta cinye fentinta, murfin but ɗinta a ɗage, an tamke shi da igiya bisa buhunan shanshera da kwandon busasshen kifi. Mutum huɗu a baya, biyu a gaba kusa da direba, na tsakiya ya karkace ƙafa don kada ta tokare giya. Direba ya yi bisimilla ya murɗa makulli, injin ya tashi da 'yar siririyar ƙara kamar keken ɗinki. Bayan motar ya kusa taɓa ƙasa saboda nauyi, amma haka za ta miƙe ta hau titi. Kafin awa ɗaya ta cika ta cinye kimanin kilomita 50 da ke tsakanin Argungu da Birnin Kebbi, ta sauke, ta sake lodi, ta juyo.

Toyota Starlet ke nan, wadda bakin mutane ya mayar Sitalet. Ko auta a cikin irinta da ke yawo a kwarin Rima ta haura shekara 25 da barin masana'anta, domin tun 1999 kamfanin Toyota ya daina ƙera ta. Sai ga shi a 2020 sunan ya sake ɓullowa a jikin wata sabuwar mota fil, mai fitilu masu lumshe ido da allon taɓawa a gaban direba. Tun daga ranar da hotunanta suka fara zagaya wayoyi, masoyan tsohuwar suka rabu gida-gida, kuma har yanzu muhawarar ba ta mutu ba a gareji da tasha da teburin mai shayi.

A Japan aka fara ƙera ta a 1973, da sunan Publica Starlet. A 1978 ta fito a siffar da duniya ta fi saninta da ita, 'yar guntuwa mai ƙofa a baya, tayoyin baya ne ke tura ta. A 1984 aka sake mata tsari, ja ya koma tayoyin gaba, aka ɗora mata injin mai lita 1.3 wanda makanikai ke kira 2E. Samfurin 1989 ya zo da jiki mai ɗan zagaye, na 1996 kuma da shi aka rufe. Waɗannan ukun na ƙarshe su ne suka cika hanyoyin Sakkwato da Kebbi da Jamhuriyar Nijar, inda a birnin Yamai ta daɗe tana cikin motocin tasi masu jan kai.

Sai dai ba da ledarta ta zo Kabi ba. A shekarun 1970 zuwa farkon na 1980, ma'aikacin gwamnati da ya samu rancen mota sabuwa dal yake saye: ko Volkswagen Beetle, wadda ake wa laƙabi da kunkuru, daga masana'antar Legas, ko Peugeot 504 daga Kaduna. A 1975 duka masana'antun biyu suka fara aiki. Da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kawo shirin tsuke bakin aljihu a 1986, darajar naira ta faɗi, sabuwar mota ta fi ƙarfin malamin makaranta da akawu da ƙaramin ɗan kasuwa. Hankali ya koma kan motocin da Turawa suka hau suka gaji, waɗanda ake lodawa a jirgin ruwa daga tashoshi irin su Antwerp ta Beljiyam zuwa Kwatano. Daga nan aka samo sunayen da ake kiran irin waɗannan motoci har gobe: 'yar Kwatano, ko Beljiyam.

Kebbi kuwa a bakin hanya take. Jiha ce da ta yi iyaka da ƙasashe biyu, Nijar da Benin. Motar da ta baro Kwatano ta yi arewa za ta iso Malanville, ta haye gadar kogin Kwara zuwa Gaya ta Nijar, daga can Kamba kusa ce. Ana cikin haka, ranar 27 ga Agusta 1991 aka cire Jihar Kebbi daga tsohuwar Jihar Sakkwato, Birnin Kebbi ta zama babban birni. Ma'aikata da yawa suka koma sabon wurin aiki suka bar iyali a Sakkwato, zirga-zirgar Juma'a da Litinin ta hanyar Argungu ta ƙaru. Ana neman mota mai araha, marar shan mai, mai jure wahala, Starlet ta faɗo a kan gaɓa.

Ba kyau ne ya sayar da ita ba, aiki ne. Tsawonta kimanin mita 3.7, nauyinta bai kai tan ɗaya ba. Tana juyawa a lungun da babbar mota za ta yi ta kai da komo. Idan ta kafe a yashi a hanyar ƙauyukan Arewa, wajen Kangiwa ko Bachaka, fasinjoji huɗu sun isa su ɗaga bayanta su fitar da ita. Ta ɗauko albasa daga Aliero, ta kai shinkafa daga fadamun Argungu zuwa kasuwa, ta ci kasuwar Jega, ta kai amarya ɗakin miji. Ta kawo mai naƙuda Asibitin Sir Yahaya cikin dare a lokacin da babu wata mota a ƙauyen sai ita. Akwai gidaje masu yawa da kuɗin makarantar 'ya'yansu da kayan ɗakin 'ya'yansu mata daga but ɗin Starlet suka fito. Shi ya sa in direba ya ce "wagga mota ba ta da ciwon kai", yabo ne yake yi wa abokiyar nema.

Wanda yake son ganin asalin wannan ƙauna, ya je gareji ya tsaya a ƙarƙashin darbejiya ya kalli yadda ake gyara ta. Mota ta zo tana shaƙewa. Maigida ya sa yaro ya ɗaga bonet, shi kuwa ya sunkuyar da kai ya saurari injin kamar yadda uwa ke sauraren numfashin jaririnta. Ya kwance kafireta, ya zuba sassanta a tsohon gwangwanin madara mai ɗan fetur, ya wanke su ɗaya bayan ɗaya da buroshin haƙori. Ya ɗauki jet, ya kai baki ya busa, ya ɗaga shi saitin rana ya leƙa ko ramin ya buɗe. Ya cire filogi ya duba launinsa, in ya yi baƙi ya san mai ya yi yawa, ya goge shi da sanfefa ya mayar. Ya ce, "Yaro, tada ta." Da sukundireba ɗaya yake daidaita tafiyar injin har sai ƙarar ta kwanta yadda kunnensa yake so. Duk wannan aiki bai ci rabin yini ba, kayan aikin kuma ba su fi cikin ƙaramar akwati ba. Direban yana tsaye yana kallo, gobe in ta yi masa haka a daji tsakanin Bunza da Kamba, shi da kansa zai gyara abinsa.

A nan ƙasar ma an sake wa Starlet tsari, ba tare da sanin Japan ba. An ƙara mata ƙarfin sifirin na baya don ta ɗauki lodi, an ɗaga ta kaɗan saboda ramuka, mai walda ya ƙarfafa ƙasan but. Wasu da suka zo da injekta an mayar da su kafireta, domin shi hannu ya sani. Motar da injiniyoyi suka zana don matar aure ta je cefane a biranen Turai ta zama jakin kasuwa a bakin Gulbin Kabi.

Canji na farko ya zo a 1999, lokacin da Toyota ta maye gurbinta da Yaris, wadda a Japan ake kira Vitz. Yaris ta ci kyautar gwarzuwar motar Turai ta shekarar 2000, kuma ta yi fice da wani sabon abu: an ɗauke agogon gudu daga bayan sitiyari an kai shi tsakiyar dashbod. Da ta fara isowa a matsayin 'yar Kwatano, ta samu karɓuwa a wajen ma'aikata da mata masu tuƙi, amma tasha ba ta rungume ta yadda ta rungumi yayarta ba. Injinta na kwamfuta ne, kuma direban haya yana tsoron motar da in ta tsaya a daji ba shi da abin yi sai kiran waya.

Canji na biyu shi ne ya tada ƙura. Toyota da Suzuki sun fara ƙulla ƙawance a 2017, suka sayi hannun jari a junansu bayan yarjejeniyar 2019. Cikin abin da ƙawancen ya haifar har da wannan: a ɗauki Suzuki Baleno da kamfanin Maruti Suzuki ke ƙerawa a Indiya, a sauya mata fuska kaɗan, a manna mata tambarin Toyota, a kai ta kasuwannin Afirka da sunan Starlet. A watan Satumba 2020 aka ƙaddamar da ita a Afirka ta Kudu da injin mai lita 1.4, da niyyar sayar da ita a ƙasashe 47 na nahiyar. A 2022 aka sabunta ta da injin mai lita 1.5. Tsawonta ya kusa mita 4 amma bai kai ba, saboda a Indiya motar da ba ta wuce mita 4 ba harajinta ya fi sauƙi. Wato dokar harajin Indiya ce ta yanke wa sabuwar Starlet tsayi.

A ƙasashen waje, masu sha'awar tsere ne suka fi jin zafi. Su Starlet ɗin da suke ƙauna ita ce GT Turbo da Glanza V ta shekarun 1990, 'yan ƙanana masu ƙarfin doki sama da 130, da kuma ta 1978 mai tura baya wadda har yau ake gyarawa don tseren gangara da na daji. A wajensu, ɗora wannan suna a kan motar iyali ta wani kamfani cin fuska ne ga tarihi. Irin wannan ƙorafi ba sabo ba ne a duniyar motoci. Da Volkswagen ta fito da sabuwar kunkuru a ƙarshen shekarun 1990, ta ɗauke injin daga baya ta kai shi gaba, tsofaffin masoya sun ce kamanni kawai aka bar musu. A 2019 aka daina ƙera kunkuru gaba ɗaya.

Kabi ba ta san GT Turbo ba. Don kasuwar Japan aka yi ta, sitiyarinta a dama yake, Najeriya kuwa tun 1972 ta koma tuƙi a hannun dama, wanda ke buƙatar sitiyari a hagu. Don haka ƙorafin da ake ji a Birnin Kebbi da Argungu daban ne, kuma ya fi nauyi, domin maganar abinci ce.

Direbobin haya daga ƙasa suke fara duba mota. Suna kallon tazarar da ke tsakanin cikinta da titi, da bambar roba da ke saukowa gaba, su lissafa kwana nawa za ta yi a hanyar fadama da damina. Suna ƙwanƙwasa bodi da yatsa a zuci su ce gwangwani ne. Suna tambayar buhu nawa za ta ɗauka kafin shokozoba ta fashe. Da aka ce musu asalinta Suzuki ce daga Indiya, da yawa suka ce dama sun faɗa, domin a tasha kalmar "Japan" ita ce shaidar inganci, kuma mutum yakan ƙara kuɗi a kan kayan gyara don kawai an ce na Japan ne.

Makanikai nasu tsoron ya fi fitowa fili. Sabuwar mota ba ta da kafireta da za a busa. Tana da akwatin kwamfuta da suke kira birenbos, da na'urori masu auna iska da zafi da hayaƙi, kuma in fitila ta kama a dashbod sai an jona mata na'urar bincike kafin a san ciwonta. Maigidan da ya shekara 30 yana gane cuta da kunne sai ya ga ana kiran wani matashi mai kwamfutar hannu ya zo ya karanta masa abin da ke damun motar da ke garejinsa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mutumin da ya yaye yara da dama, ake kiransa Malam ko Oga saboda iliminsa.

Akwai kuma ɓangare na uku, waɗanda ba su da wani tsohon alkawari da Starlet. Matasan ma'aikata, malaman jami'a da na kwalejin fasaha, mata masu kai yara makaranta. Su abin da suka gani mota ce mai sanyi a watan Afrilu, lokacin da zafin Birnin Kebbi kan haura digiri 40, mai giya ta atomatik, mai jona waya, marar shan mai. In an ce musu Suzuki ce, sai su ce to mene ne laifin Suzuki? Kasuwa ma ta ba su gaskiya a wani wuri: a Afirka ta Kudu sabuwar Starlet ta shiga sahun ƙananan motocin da aka fi saye.

Adalci ya wajabta a faɗi abin da begen tsohuwa yake rufewa. Yawancin Starlet da suka yi aikin haya a nan ba su da jakar iska ko ɗaya, ba su da birkin da ke hana taya kullewa, bel ɗinsu ya daɗe da tsinkewa. Mota ce ta mutum biyar, ana cusa mata bakwai da lodi. In taya ta fashe tana gudu da irin wannan nauyi, ko ta yi taho-mu-gama da babbar mota, abin da ake tararwa ba ya faɗuwa. Ba a rasa gidan da aka yi zaman makoki a garuruwan nan saboda haɗarin ƙaramar motar haya. Jami'an hukumar kiyaye haɗurra sun shekara da shekaru suna gargaɗi a kan lodi fiye da kima. Sabuwar Starlet tana da jakunkunan iska da birkin zamani da na'urar hana mota zamewa, kuma waɗannan abubuwa ne da ke raba mutum da zama gurgu ko iyalinsa da maraici. Duk mai ƙaunar direbobi da fasinjojinsu ba zai raina su ba.

Amma ko da kowa ya yarda da sabuwar, ina kuɗin? A nan ne ainihin canjin yake. Daga 1 ga Janairu 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa. A watan Agusta 2019 aka rufe iyakokin, kuma ta Kamba ba a buɗe ta ba sai Afrilu 2022. Juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 ya sake jawo rufe iyaka na watanni. Ranar 29 ga Mayu 2023 aka cire tallafin man fetur, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 nan take, ta wuce 1,000 a 2024, shekarar da dala ɗaya ta haura naira 1,500. Hanyar da ta kawo Starlet ta toshe, 'yar Kwatano ma ta zama ta masu hali, balle sabuwa a leda. Direban da ke kushe sabuwar Starlet, a mafi yawan lokuta, a waya kawai ya taɓa ganinta.

Tsofaffin kuwa suna ƙarewa a hankali. Turai ta daɗe da zubar da nata, kayan gyara na asali sai an tona, ana yanka mota ɗaya don a rayar da biyu. A cikin gari Keke Napep da kabu-kabu sun karɓe ƙananan tafiye-tafiye, a dogayen hanyoyi kuma Golf da Sharan da bas-bas sun mamaye layi. Duk da haka, tsadar mai ta ƙara wa Starlet daraja a idon mai ita, domin har yanzu da wuya a samu motar da za ta yi zuwa da dawowa Argungu da ɗan man da take sha.

Akwai wani abu da ya kamata ya ƙarfafa gwiwar matasan wannan yanki. A kwalejin fasaha ta Birnin Kebbi, wadda yanzu ake kira Waziri Umaru Federal Polytechnic, wani ɗalibi ɗan Sakkwato mai suna Jelani Aliyu ya karanta zanen gine-gine ya kammala a 1988. Ya tafi Detroit ta Amurka a 1990 ya koyi zanen motoci, ya shiga kamfanin General Motors a 1994, kuma shi ya zana siffar Chevrolet Volt ta gwaji da aka nuna wa duniya a 2007. Shi ma ya ɗanɗana wannan muhawara daga ciki: da aka zo fitar da Volt kasuwa, injiniyoyi suka sauya mata siffa don ta riƙa ratsa iska da sauƙi, masoyan zanen farko suka yi ta gunaguni. A 2017 aka naɗa shi shugaban hukumar tsarawa da bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa, NADDC. A watan Maris 2020, da aka dawo da bikin kamun kifi na Argungu bayan kimanin shekara goma ba a yi ba, hukumarsa ta jagoranci jerin gwanon motocin da aka harhaɗa a Najeriya daga Abuja zuwa Argungu. Bayan wata shida sabuwar Starlet ta fito daga Indiya.

Abin da direbobi da makanikan Kabi suke faɗa, in aka saurare su da kyau, bayani ne na motar da suke buƙata: mai tsawo daga ƙasa, mai ƙarfin baya, marar shan mai, wadda talaka zai iya saye ko ya biya kaɗan-kaɗan, wadda za a iya gyarawa a Kangiwa ba sai an jawo ta Sakkwato ba. A ƙara mata jakar iska da birki mai kyau, an gama. Ba su ƙi zamani ba. Wayoyin da ke hannunsu shaida ne, haka ma injinan ban-ruwa da suka cika fadamun Argungu, waɗanda su ne suke gyara su.

Saboda haka kira yana kan masu iko a jiha da tarayya, da kwalejojin fasaha, da shugabannin ƙungiyoyin direbobi da na makanikai. A buɗe wa masu gareji ajin koyon aiki da na'urar bincike, da Hausa, a lokacin da ba zai hana su nema ba, a kuma sauƙaƙa musu mallakar na'urar. A samar wa direbobin haya rancen mota mai sauƙin biya, domin wanda ba shi da hanyar sauya mota shi ne yake cusa mutum bakwai a ta mutum biyar. Kamfanonin da ke harhaɗa motoci a Najeriya kuma su aiko injiniyoyinsu su zauna mako guda a tashar Argungu da garejin Birnin Kebbi, da awo da littafi a hannu, tun Starlet ɗin ƙarshe ba ta daina lodi ba.